Rabin Turmin Inna

Kafin ku fara yi mini dariya a ƙasan rubutun nan, gara in faɗa da bakina: ni Sakinatu na je bikin birni da kayan da ba su cika 'yar jakar hannu ba. Kuma ba bikin kowa ba, bikin ƙanwar Kamilu, mutumin da nake roƙon Allah ya sa a gidansa zan tsufa. Wanda yau ya shigo labarin nan bai san shi ba, to Kamilu mai gyaran famfon sola ne daga Bacirawa. An turo shi ƙauyenmu, Tsamiyar Dabo, can gefen Shanono, aikin wuni ɗaya, sai ga shi duk Juma'a yana hanya, alhali famfo lafiyarsa ƙalau.

Shekarar ba sai na ba ku labarinta ba, yadda muka sha ta haka kuka sha. Man fetur ya tashi ya kwashi komai ya yi sama da shi. Atamfar da a da kaji biyu ke saya ta koma sai an kama akuya. Baba ya yi noma ba taki, geron da aka samu ko rabin rumbu bai kai ba. Sallah ƙarama da babba suka wuce ban ga tela ba, ban kuma yi ƙorafi ba, don na lura da yadda Baba ke sunkuyar da kai in 'yan mata sun wuce da sabon ɗinki.

Amma Kamilu bai taɓa ganewa ba. Duk zuwan da zai yi zance, da wata kama daban zan fito masa. Wata rana har ya dube ni ya ce, "Wai ke akwatinki nawa ne?" Na rufe baki da mayafi na ce sirrin mata ne. Bawan Allah bai san doguwar rigar da ya yaba a makon jiya ita ce dai a jikina ba, na ɗaure mata ƙugu ne kawai na canza abin da ke kaina.

Wannan aikin Inna ne, Allah ya jiƙanta. Damina uku ke nan da rasuwarta, amma har yau in na buɗe kwallar kayanta, ƙamshin turaren wuta da kanumfari ya taso, sai in ji kamar tana bayana tana gyara mini wuyan riga. Ina tuna hantsin Juma'a a gindin darbejiyar tsakar gidanmu. Takan shimfiɗa tabarma ta zazzage kayan, ta tsayar da ni kamar 'yar tsana. Ta ɗaura mini ɗankwali ture-ka-ga-tsiya, ta ja da baya ta kalla, ta warware ta naɗa shi ƙasa-ƙasa irin na matan malamai, ta sake warwarewa ta ninke shi ta saɓa mini a kafaɗa. Sarƙarta ɗaya ce, amma tana cire 'yar kwalliyar tsakiya ta zura a zare baƙi, sarƙa ta zama biyu. Mayafi ya zama ɗaurin kai, ɗaurin kai ya zama ɗamara. Takan ce, "Ido ba ya ƙirga kaya, Sakina, sama yake fara kallo. Ki canza kai, ki canza wuya, kin gama da shi." Aro kuwa ba ta yarda da shi ko kaɗan, kullum maganarta kayan aro ba ya rufe katara.

A ƙasan kwallar akwai riga da ɗankwali na wata tsohuwar atamfa shuɗiya mai ɗigon ruwan ƙwai, irin wadda wanki ke ƙara wa kyau. Riga da ɗankwali kawai, babu zani. Tun ina ƙarama nake tambayar ina zanin, ita kuma ba ta gajiya da ba ni labari. Ta ce suna 'yan mata a wani ƙauye kusa da Gezawa, shekarar farin nan da ake layin sabulu da madara, ita da wata ƙawarta suka yi ta tallar ƙuli-ƙuli har suka haɗa kuɗin turmin atamfa ɗaya tak. Suka raba: riga da ɗankwali wajen ɗaya, zani wajen ɗaya. Duk ranar kasuwa sai su yi musaya, wannan ta haɗa rigar da tsohon zanin uwarta, waccan ta haɗa zanin da farar riga, mako mai zuwa a juya. Samari suka ɗauka 'ya'yan masu hali ne. Inna ba ta kiran ƙawar da suna, sai dai Rabin Turmi. Ƙawar ce ma ta taɓa ƙona gefen ɗankwalin da dutsen guga na gawayi, ta yi ta kuka, sannan ta sato koren zare a kayan ɗinkin hular babanta ta ɗinke wurin, ɗinkin ya fito kamar sawun kaza. Daga baya yunwa ta tashi gidansu ƙawar suka yi kudu, ranar kuwa zanin na hannunta. Ba su sake haɗuwa ba. In Inna ta zo nan a labarin, sai ta shafa koren ɗinkin da babban yatsa ta ce in tashi in duba tukunya.

To, ga yadda bikin ya zo. Kamilu ya turo mini saƙo da yamma ina tankaɗe:

"Huseina za ta yi aure wata mai kamawa. Hajiya ta ce ki zo ta gan ki."

Na karanta ya fi a ƙirga, gari duk ya ɓata fuskar wayar. Na san abin da "ta gan ki" ke nufi. Kamilu bai ɓoye mini ba, mahaifiyarsa Hajiya Kaltume ba ta ce a'a ba, amma ba ta ce e ba, kuma akwai Asama'u, 'yar ƙaninta, wadda ta daɗe tana yi masa sha'awarta. A gidanmu ma wuta ce ke ci a hankali. Baba ya riga ya faɗa, cikin sanyin muryar nan tasa da ta fi faɗa ciwo, cewa shekara guda yaro yana tsaya masa a ƙofar gida ba manya. In an gama bikin nan bai ga kowa ba, to a ce da shi ya huta da hanya.

Saƙo na biyu ya shigo: "Zan kawo miki ankon ranar Juma'a."

Na rubuta, na goge, na sake rubutawa: "Kar ka kawo. Baba ya hana in karɓi ko tsinke kafin manya su shigo."

"To me za ki saka?"

"Ba ka ce akwatina da yawa ba?"

Ya turo fuskar dariya har uku.

Goggo Hure, yayar Baba da ke riƙe da gidan tun bayan Inna, ba ta tsaya kwana-kwana ba. Tana tsinke zogale ta ce in zauna a gida in rufa wa kaina asiri, ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi fashewa za ta yi. Ta ce matan birni sau biyu suke canza kaya a wuni, kuma wayoyinsu ba sa mantuwa. In kuma na nace, to in je gidan mai unguwa in aro leshin 'yarsa ko kala biyu ne. Na ce Inna ba ta aro. Ta ce Inna ba ta je bikin Bacirawa ba. Maganar ta yi mini zafi, amma na san ba ƙi na take ba, tsoro take ji kar a wulaƙanta ni a inda ba ta nan balle ta rama mini. Da safen tafiyata ma ita ta cusa mini 'yan kunnenta na azurfa a hannu, tana harara ta kamar ni na roƙa.

Ga abin da na tafi da shi, don masu son su gwada: baƙar doguwar riga, baƙin siket, farin leshina na Sallar da ta wuce ta wuce, mayafi ruwan ƙwai da wani ruwan toka, sarƙar Inna, takalmi ƙafa ɗaya, sai riga da ɗankwalin shuɗiyar atamfar. Rigar na rage mata hannu na kama ta a gefe, ta zauna mini ɗas kamar don ni aka yanka.

Ranar kamu na saka baƙar rigar, na murza ɗankwalin Inna ya tashi sama, na cusa gefen mai koren ɗinki can ciki yadda ba mai gani. Gidansu Kamilu ba wani katafaren gida ba ne, amma akwai tayil har tsakar gida, ga kujeru an jera, ga mata sai ƙamshi suke kamar an fasa shagon turare. Aka kai ni gaida Hajiya. Doguwa ce, baƙa, mai tabarau, ba ta da yawan fara'a. Na durƙusa har ƙasa. Ta amsa, ta tambayi mutanen gida, ta ce a ba ni abinci, shi ke nan. Sai dai na ga idonta ya ɗan daɗe a kaina, na ɗauka ɗaurin ne bai yi mata ba. Ina fita wata ta tare ni wai a ina na samu atamfar, irin ta da ce, yanzu ko da kuɗinka ba ka samu. Na ce ta gado ce, kuma ban yi ƙarya ba.

Washegari wajen lalle na saka rigar Inna da baƙin siket, na naɗa mayafi ruwan ƙwai a kai, ɗigon rigar ya ɗauko kalarsa. Ranar ɗaurin aure, da kowa ya shiga anko, na fito da farin leshi, na yi ɗaurin kai da ruwan toka, na ninke ɗankwalin na saɓa a kafaɗa, sarƙa ta koma kan baƙin zare. Kamilu ya hango ni daga bakin ƙofa ya turo: "Kin fi masu ankon." Na ce a raina, Inna, kina gani?

Wallahi na fara jin kaina. Har na fara tsara yadda zan ba Goggo labari ina taunar cingam.

Sai ranar kai amarya. Dabara ta kusa ƙarewa, na maimaita baƙar doguwar rigar, amma na yi mata ɗamara da mayafi ruwan toka, na yafa ruwan ƙwai, ɗankwalin kuma na naɗa shi ƙasa-ƙasa. Da la'asar na cire don alwala, ana ta kiran a fito motoci sun zo, na mayar a gurguje ba madubi. Ban san gefen da nake ɓoyewa ya leƙo ta bayan kunnena ba.

Muna tsaye a tsakar gida ana jiran a fito da amarya, Asama'u ta matso da wayarta, ƙawayenta biyu na biye. Tun ranar farko take yi mini kallon hadarin kaji, leshinta kuwa kullum sabo. Ta ɗaga murya yadda na kusa za su ji, tana shafa hotuna ɗaya bayan ɗaya.

"Ku duba ikon Allah. Nan yana kai, nan yana kafaɗa, yau ya koma kai. Baiwar Allah, ɗankwalin nan ba ya hutun ƙarshen mako ne?"

Suka tuntsire. Ɗaya ta ce rigar ma ta ranar kamu ce. Asama'u ta kai hannu bayan kunnena ta ja gefen, ta ce, "Har da faci."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, na so ƙasa ta tsage in shige. Amma abin da ya fi ci mini rai ba talaucina da aka tona ba ne, hannunta ne a kan ɗinkin da Inna ke shafawa. Na riƙe hawayena da ƙyar na ce, "Na mahaifiyata ne. Sakar mini."

"Asama'u, cire hannunki."

Hajiya ce. Ashe tana bakin ƙofar ɗakinta. Ta dube ni ta yi mini alama in biyo ta. Na bi ta ina cewa a raina shi ke nan, Goggo ta yi gaskiya, akushi ya fasa ƙwarya. Na riga na hango Baba yana aika wa Kamilu saƙon ya huta da hanya.

Ta tura ƙofa, hayaniyar biki ta koma nesa. Ta zauna bakin gado ta ce in ciro ɗankwalin. Na ciro na miƙa da hannu biyu, na ja mayafi na rufe kitsona. Ta shimfiɗa shi a cinya, ta laluba gefen, ta cire tabarau ta goge ta mayar. Sai na ga ta sa babban yatsa tana shafa koren ɗinkin, daidai yadda Inna ke yi.

Ta ce tun ranar kamu take kallon atamfar tana ce wa kanta ai turmi ba ɗaya kamfani ya buga ba. Amma wannan sawun kazar, ta ce, mutum ɗaya ne ya yi shi a duniya, kuma ya sha duka a kan zaren.

"Wa ya ba ki?"

"Na Innata ne."

"Sunanta?"

"Barira."

Ta rufe ido. Matar nan da kwana huɗu ban ga haƙorinta ba, sai ga ta tana dariya ƙasa-ƙasa, hawaye na bin gefen tabarau. Ta ce Barira mai bakin tsiya, wadda ke cinye ƙulin talla ta ce ɓera ne. Ta ce ta aika neman ta Gezawa ba sau ɗaya ba, aka ce an yi mata aure can yamma, ba wanda ya san garin. Ta riƙo hannuna ta fara jero tambayoyi ba ta jiran amsa: tana nan da tsiwarta, ta yi ƙiba ko tana nan siririya, me ya sa ba ta biyo ni bikin ba, tana da waya?

Masu karatu, na sha faɗin rasuwar Inna ga mutane, amma ban taɓa jin nauyinta a harshena kamar ranar ba. Ina kallon mace ta samu ƙawarta bayan shekara arba'in, kuma ni ce zan sake raba su.

Na ce, "Hajiya, Inna ta rasu. Damina uku ke nan."

Ta yi salati a hankali, ta maimaita. A waje ana ta guɗa an fito da amarya, ana ƙwanƙwasa ƙofa ana kiran uwar amarya ta zo ta yi sallama da 'yarta, ta ce su jira. Ta tambaye ni ko Inna ta taɓa ambatonta. Na ce kusan duk Juma'a, kuma ba ta kiran ta da suna sai Rabin Turmi. Nan ne kukan ya ƙwace mata sosai, ni ma na daina riƙe nawa.

Da ta natsu ta miƙe ta jawo wani tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ta ɗaga lesuka da shaddoji masu tsada tana ajiyewa gefe kamar tsumma, har ta kai ƙasa. Ta fito da zanin a ninke cikin farin ƙyalle: shuɗi, mai ɗigon ruwan ƙwai, ya fi namu haske don bai sha wanki ba. Ta ɗora ɗankwalin a kansa, ɗigo ya hau kan ɗigo. Tun da aka yanka turmin nan, ta ce, ba wadda ta taɓa saka shi cikakke a cikinsu.

Na miƙa hannu in taɓa, ta janye.

"Ba a nan ba. Ranar da muka tashi, makon Barira ne na ɗaura zani, ni na tafi da shi. Aro ne a hannuna, kuma ba a aiken yaro ya mayar da aro irin wannan. Da ƙafata zan kai shi ɗakinta."

Ta naɗa mini ɗankwalin da hannunta, ta bar koren ɗinkin a waje inda kowa zai gani, ta riƙe hannuna muka fito tare. Asama'u na nan inda muka bar ta. Ban kalle ta ba, ba don na fi ƙarfin haka ba, idona ne ya kumbura.

Maganar aure dai Hajiya ba ta ce mini komai ba, ko sunan Kamilu ba ta ambata ba. Ban sani ba ko gaisuwar mutuwa kawai za ta kai, ta ajiye zani ta juyo, ko kuwa akwai abin da ke bayan zanin. Ina cikin motar 'yan kai amarya, a matse tsakanin wasu mata biyu da kwanukan gara, ina tunanin gidanmu da ko tabarmar kirki babu, da fuskar Goggo Hure in ta ga akushi ya biyo ƙwarya har gida, sai waya ta yi motsi a cinyata. Kamilu ne.

"Sakina, me kika yi wa Hajiya? Ta ce in nemo mota gobe da sassafe za mu Tsamiyar Dabo. Ta ce in kira Kawu Mati, babbanmu a dangi, ya shirya shi ma. Kuma wai in tsaya a hanya in sayi goro."